Samsung A16 ko Infinix Note 40, wanne zan saya?

Dan uwa tambayarka kenan, to wallahi ya danganta da shekara nawa kake son wayar ta yi a hannunka. Dukkansu, in masu 4G ne, processor Helio G99 ne a ciki, batir 5000mAh, fuska AMOLED, wajen gudu babu wani bambancin azo a gani.

Inda suka rabu shine caji. Note 40 tana cin 45W kuma da caja a kwalinta, A16 kuwa 25W ce kuma kebul kawai zaka tarar, kan cajar sai ka sake fidda kudi, ga shi wutar nan in an kawo ba dadewa take ba, kafin a dauke Infinix ta yi nisa. Amma Samsung sun yi alkawarin update na shekara 6 wa A16, Infinix ba ta wuce rabin haka ba.

Kar kyamarar 108MP din nan ta Note 40 ta rude ka, ka dauki hoto cikin shago inda ba haske sosai ka gani da idonka. In a Kano kake ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka taba su duka, ka nemi mai RAM 8GB. Ni dai A16 zan dauka.