Allon sa ido ya nuna kore, abincin alhazai kuma ya lalace a hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne nake kula da zirga-zirgar motoci a wani kamfani da ke Makka, wanda yake dafa abinci yana kai wa alhazai a masaukansu na Misfala da Aziziyya, a kwanakin Mina kuma har tantuna muke kaiwa. Mai kamfanin ya sayi allon sa ido mai taswira, wanda yake nuna kowace mota a matsayin ɗigo. A aikin Hajjin da ya wuce wata motarmu ta mutu a hanya da abincin rana a cikinta, amma ɗigonta yana nan kore kusan awa biyu, ba mu farga ba sai da jagoran alhazan ya kira yana faɗa, ga shi kuma a cikinsu akwai tsofaffi masu ciwon suga. Abincin zubar da shi aka yi, laifin kuma a kaina ya sauka, har yau hankalina bai kwanta ba. Yanzu mai gida yana so a sayi wani tsarin da ya fi tsada, wasu kuma suna cewa mu gina namu. Wanne ya fi, kuma yaya zan yi kada haka ta sake faruwa? Daga wani mai karatu a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya kuma saka maka da alheri, tun da lafiyar baƙin Allah ce ta hana ka barci. Kai ma'abocin wannan aiki ne, don haka ba zan tsaya bayanin mece ce taswirar kwamfuta ba. Tsada ko arha ba su da hannu a abin da ya same ku, kuma idan kuka sayi sabon tsari ko kuka gina naku da irin fahimtar da ake da ita yanzu a ofishinku, abin zai maimaita kansa a kan allon da ya fi na da kyau.

Kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, daga masu kamfani har zuwa waɗanda suka yi karatun kwamfuta, shi ne ɗaukar ɗigon da ke kan taswira a matsayin wurin da motar take a wannan lokacin. Mutane sun ɗauka tauraron ɗan'adam yana can sama yana kallon motarsu, yana aiko musu da rahoto. Taurarin GPS, waɗanda suke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, ba sa ganin kowa. Sigina kawai suke watsowa, na'urar da ke cikin motar ce take saurare, kuma sai ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta iya lissafa inda take. Bayan ta lissafa sai ta tura sakamakon ta layin waya, na stc ne ko Mobily ko Zain, zuwa kwamfutar da ke tattara bayanai, daga can ne allon ofishinku yake ɗaukowa lokaci zuwa lokaci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya katse, yawancin alluna ba sa cewa uffan, sai su bar ɗigon a wurin da suka ji labarinsa na ƙarshe, da launin da yake ɗauke da shi na ƙarshe. Misalinsa kamar mai gadi ne da ya ce maka "lafiya lau" da magariba, kai kuma ka riƙe wannan amsa har asuba ba ka sake leƙa shi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa mai kallon allo yake natsuwa, alhali abin da ke gabansa labari ne da aka aiko masa, kuma bai tambayi tun yaushe aka aiko shi ba.

A Makka kuwa dalilan katsewar sun fi na kusan kowane gari yawa. Gari ne da ke tsakanin duwatsu, hanyoyi da dama sun bi ta ƙarƙashin dutse, kuma muddin mota tana cikin ramin na'urarta ba za ta ji tauraro ba. A kewayen Harami, inda dogayen otal suke cunkushe a ƙarƙashin hasumiyar agogo mai tsawon mita kusan 600, sigina yana bugun bango ya dawo, sai na'urar da take kuskuren mita biyar a fili ta riƙa kuskuren gomman mitoci, ta nuna motar a wani titin daban. A Mina kuma matsalar layi ce: alhazai 1,833,164 ne suka yi Hajjin 2024, kusan kowa da waya a hannu a cikin kwari guda, don haka saƙon na'urarku yakan makara duk da ƙarin turakun sadarwa da ake yi. Ga kuma zafi, wanda a Hajjin 2024 ɗin ya haura digiri 51 a Makka. Wayar direban da aka jingina a jikin gilashin mota a irin wannan rana takan kashe kanta, idan kuma ita ce na'urar bin sawunku, to ɗigon ya daskare ke nan.

Abin da ya sa nake tsananta magana a kan wannan shi ne, shirun na'ura ba ya zuwa a lokacin da komai yake tafiya daidai. Batirin mota ya mutu, na'urar ta mutu tare da shi. An yi karo, wayar lantarkinta ta tsinke. Cunkoso ya tsayar da mota a cikin rami, ba tauraro ba sabis. Wato lokacin da kuka fi buƙatar allon ya yi magana shi ne lokacin da ya fi kusa da yin shiru, kuma tsarin da aka gina shi ya fassara shiru a matsayin lafiya zai yaudare ku a ranar da yaudarar ta fi cutarwa. Wasu manhajojin ma sun fi haka muni, domin don allon ya yi kyau sukan ci gaba da jan ɗigon a kan titi bisa saurinsa na ƙarshe, mota tana tsaye da murfin inji a buɗe, ita kuma a taswira tana dosar Aziziyya.

Maganin yana farawa ne daga lokaci. Kowane bayanin wuri yana da lokuta uku: lokacin da na'ura ta lissafa shi, lokacin da ya isa kwamfutar tattarawa, da lokacin da allo ya nuna shi. Na'urori masu kyau sukan adana bayanai idan sabis ya ɗauke, su turo su gaba ɗaya idan ya dawo, don haka tsarin da yake duba lokacin isowa kaɗai zai ɗauki tsohon bayani a matsayin sabo. Dole launin ɗigo ya dogara da lokaci na farko. Idan na'urarku tana aikowa duk bayan daƙiƙa talatin, motar da ta yi minti uku ba a ji ta ba ta rasa korenta, ta koma toka-toka tare da adadin mintunan shirun a jikinta, wadda ta kai minti goma kuma ta haifar da ƙararrawa a wayar wani mutum takamaimai, wanda aikinsa a rubuce shi ne ya kira direba nan take. Waɗannan mintuna misali ne, ku za ku daidaita su da hanyoyinku, musamman waɗanda suka bi ta rami. A saman allo, kafin adadin motocin da ke tafiya, a rubuta adadin waɗanda suka yi shiru, sannan allon kansa ya nuna lokacin da ya sabunta na ƙarshe, domin intanet ɗin ofis ma yana katsewa, ya bar muku taswirar da duk ɗigoginta sun daskare.

Sannan kore ya zama abin da ake samu da hujja. Shigar mota cikin da'irar da kuka zana a kewayen masauki ba ta nufin abinci ya isa hannun alhazai, musamman a Mina inda tantunan wata ƙasa suke manne da na wata. Isarwa tana tabbata ne idan mai karɓa ya tabbatar, ko da ta danna maɓalli a waya ko ɗaukar hoton takardar karɓa. A sana'arku ma akwai agogon da ya fi wurin mota muhimmanci, wato mintunan da abinci ya yi tun da ya bar tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da an riƙe zafinsa sama da digiri 60 ba. Da allonku yana ƙirga wannan agogo, da ya yi ja a ranar nan ko da na'urar motar ta mutu, domin an san lokacin fita kuma ba a ga tabbacin karɓa ba.

Game da masu sayarwa, ina roƙonka kada kalmar "kai tsaye" ta ruɗe ka, haka ma batun ƙirƙirarriyar basira da yanzu kowane ɗan talla yake liƙa wa hajarsa. Za su nuna maka gwaji a faffaɗan titin Jidda inda sama take a buɗe, ɗigo yana gudu sumul. Ka ce su zo Makka, a ɗaura na'urar a motarku, a bi ta rami, sannan a tsakiyar tafiya ka sa a cire mata wuta, ka riƙe agogo ka ga minti nawa allon zai yi kafin ya sanar. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan gwaji, ka sallame shi ko da rabin kuɗi ya ce zai karɓa. Ka kuma tambaye shi ko za ku iya fitar da ɗanyen bayananku duk lokacin da kuka so, domin wanda ya riƙe bayananku ya riƙe ku.

Sai dai laifin bai tsaya kan 'yan kasuwa ba. Akwai shugabannin da suke son a kafa ƙaton allo a bango don baƙi su shigo su ga kore ko'ina, kuma idan ja ya yi yawa ma'aikacin da ke zaune a gabansa ake tuhuma, har ya koyi kashe ƙararrawa ko tsawaita mintuna don a zauna lafiya. Akwai masu amfani da shi wajen yanke wa direba albashi a kan tsayuwar minti biyar, sai direbobi su fara zare na'urar, jita-jita ta bazu cewa tana naɗar hirarsu, shiru ya zama ruwan dare har a daina kula da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Tsohon da ya sha maganin suga yana jiran tuwo a cikin tanti amana ne a wuyan mai kamfani kafin ya zama amana a wuyanka, kuma ya kamata ka faɗa masa haka cikin ladabi kafin a sa hannu a wata sabuwar kwangila.

Batun saye ko ginawa ba shi da wuya. Idan kuna da ma'aikacin dindindin da ya iya, Traccar yana karɓar bayanan na'urori, PostGIS yana adana su, QGIS yana zana iyakokin masaukai, Grafana kuma yana nuna su, dukkansu kyauta ne. Idan babu shi ku saya, ko manhajar allon taswira ta ArcGIS Dashboards ko makamanciyarta, domin tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinsa yana mutuwa ranar da ya bar aiki. Ko wanne kuka zaɓa, ku kula da ƙananan tarkuna. Makka tana kusan digiri 21.42 arewa da 39.83 gabas, idan aka juya lambobin motarku za ta bayyana a ƙasar Girka, kuma wasu manhajojin da lambar gabas suke farawa. Na'urar da ba ta samu tauraro ba takan aiko da sifili da sifili, wanda wuri ne a teku kudu da Ghana, a tace shi. Na'urori da agogon duniya suke aiki, Saudiyya kuma tana gabansa da awa uku. Tsofaffin taswirorin da aka zana a kan tsohon ma'aunin taswirar Saudiyya mai suna Ain el Abd suna saɓa wa na GPS da gomman mitoci. Kowane masauki a ba shi lamba guda, ko a yi amfani da gajeren adireshin ƙasa mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, domin sunan otal ɗaya ana rubuta shi iri-iri.

Wurin da direba yake da sunayen alhazai bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023 aka kuma fara tilasta ta a Satumbar 2024 a ƙarƙashin SDAIA, hukumar da ke kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, don haka a sanar da direbobi a rubuce, a kuma san ƙasar da kwamfutar tattarawar take kafin a tura mata komai. Ka duba kuma ko rukunin lasisin motocinku yana cikin waɗanda hukumar sufuri ta wajabta haɗa su da dandalinta na bin sawun motoci mai suna Wasl, kada ku sayi na'urar da ba za a karɓa ba. Gwajin ƙarshe ku yi shi a goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da cunkoson Umra ya fi kusa da na Hajji, kuma a ranar ku kashe allon da gangan na tsawon awa guda, ku ga ko masu aikin dare za su iya tafiyar da rabon sahur da takardar jerin motoci da lambobin direbobi kaɗai.