Amsa ga mai Fijo 504 da salansa ke ta tsit-tsit da safe

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce 504 ce ta mahaifinku, Allah shi jiƙan shi, ka tada ta bayan ta daɗe aje, kuma sau biyu ke nan kana canza gaskit na manifol (manifol shi ne ƙarfen da ke tara hayaƙin injin ya kai salansa, gaskit kuma shi ke toshe tsakaninshi da injin) amma ba a sati biyu ƙarar ta dawo, ga warin hayaƙi cikin mota. To ni shekara ashirin da wani abu ina riƙe da 504, da ita nike jigila tsakanin Sakkwato da Illela kafin in bari, kuma wagga matsala ta ci min kuɗi ba kaɗan ba kafin in gane ta.

Kada ka sayi gaskit na uku tukuna. Gaskit ba shi ƙonewa haka kawai, wani abu ne ke kashe shi, in ba ka gano abin ba ko goma kas sa haka za su tafi.

Injin 504 mai fetur, wanda anka riƙa haɗawa Kaduna tun 1975, top silinda nashi, wato kan injin, alminiyom ne, shi ko manifol ƙarfen kas ne, wato ƙarfen zubi. In sunka yi zafi alminiyom ya fi kas buɗewa, in sunka huce kowa ya koma da nashi sauri, to ka lissafa shekara talatin ko arba'in ana wanga ja-in-ja kullum safe da yamma cikin zafin garin nan. Sannu a hankali fuskar manifol sai ta lanƙwashe, ido ba ya gani amma hayaƙi na gani. Shi ya sa kake jin tsit-tsit da safe in mota ta yi sanyi, in ta ɗau zafi ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar sai ƙarar ta ragu, kai kuma ka ce ta gyaru. Ba ta gyaru ba.

Fara da tabbatar da inda take zuba, don sau da yawa ba gaskit ɗin da ke tsakanin manifol da top ba ne, wajen da bututun salansa ya haɗu da manifol ne daga ƙasa, ko kuma manifol ɗin ne ya tsage. Da sassafe kafin ka tada ta, haska tocila ka nemi baƙin toka kamar na fitilar ƙwai, dut inda kag ga baƙi ya yi layi nan ne. Ni abin da nike yi, in kaɗa omo da ruwa in shafa ma wajen tun injin na da sanyi, in sa yaro ya tada ta ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, nan take za ka ga kumfa na tashi. Ko ka samu guntun tiyo ka kara a kunne kana bin ɗayan bakin, amma ka kiyayi fanka da fambel, kuma a fili za ka yi, ba cikin gareji rufe ba.

Wajen kwance notin nan mutane ke shiga uku. Don Allah kada ka bari yaron gareji ya sa sifana ya ƙara mata bututu ya hau da ƙarfi. Haka anka karya min sitod biyu (ƙusoshin nan masu zare da ke kafe jikin top, da noti ke hawa bisa) rana ɗaya, ina tsaye ina kallo, aikin awa biyu ya koma kwana uku. Tun daren da za a wayi gari a yi aikin ka jiƙa su da man sakin tsatsa WD-40, in babu ka sa man birki ko kalanzir da ɗan baƙin mai, da safe ka ƙara, ka goge tsatsar da buroshin waya. In ka zo kwancewa ka ɗan ɗaure kaɗan tukuna sannan ka sassauta, gaba baya gaba baya. Wanda ya ƙi, a gasa notin da wutar gas har ya yi ja, notin kawai, kuma a kare tiyon fetur da wayoyi, ka aje yashi ko abin kashe wuta kusa. In ƙaddara ta sa sitod ya karye, kada a yi saurin sa diril, hannu na ɗan kaucewa an ci alminiyom, shi ke nan sai ciro top. Nemi mai walda mai natsuwa ya ɗora wasa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) da noti bisa guntun ya cika cikin notin da walda, waldar ba ta kama alminiyom, zafin kuma na sakin tsatsa, sai ka ga ya fito kamar ba shi ba. Akwai masu hannun wanga aiki garejin Buzaye cikin Sakkwato, ka tambayi tsofaffin masu gyaran Fijo su nuna maka.

To in manifol ya fito, nan ne ainihin aikin da anka tsallake maka sau biyu. Kankare tsohon gaskit tas, gefen top ka yi a hankali kada ka karce, ka cusa tsumma cikin ramukan kada datti ya faɗa, kuma ka tuna ka cire shi, wallahi an sha mantawa. Sannan ka ɗora rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya bisa fuskar manifol ka haska tocila ta baya. In haske na fitowa ƙarƙashi, ko reza na shigewa a sake, to ga ɓarawonka. In kaɗan ne, manna sanfefa bisa gilashi mai kauri ka riƙa gogawa har fuskar ta yi haske ko'ina bai ɗaya, aikin haƙuri ne, ni na kwashe yini guda ƙarƙashin dogon yaro ina yi. In ya yi yawa kai ma masu injin tanin, wato injin sassaƙar ƙarfe, su share fuskar. Kuɗin bai kai abin da ka riga ka kashe ba.

In tsagewa ce, kas ba a yi mai walda irin ta ƙofa da taga. Sai an huda ƙarshen tsagar, an gasa ƙarfen dut, an yi da lantarod na kas, sannan a binne shi cikin toka ko yashi ya huce da kanshi. Wanda ya tsoma shi cikin ruwa ya kashe shi. Ni a ganina in ka samu tsohon manifol na asali mai lafiya ka saye, ya fi waldar kwanciyar hankali.

Gaskit ka nemi mai ƙarfe a jiki ko mai zoben ƙarfe a bakin rami, ba wanda anka yanka da almakashi ba. Kada a haɗa biyu wai don su cike gurbi, kuma kada a shafa gam irin na top koba, zafin wajen nan na wuce digiri 600 in mota na aiki, gam toka zai zama. Sitod da tsatsa ta cinye ka canza su dut, noti kuma in ka samu na tagulla su nike so don ba su kamewa. Wajen ɗauri ka fara daga tsakiya ka fita gefe-gefe, zagaye uku, kowane zagaye ka ƙara kaɗan. Sitod mai milimita 8 bai son ɗaurin ya wuce 20 zuwa 25 Nm (awon ƙarfin ɗauri) in kana da sifana mai awo, in babu, ƙarfin hannu ɗaya da gajerar sifana ya isa. Ka yi yawo da ita kwana biyu, ka bari ta huce sarai, ka sake bin notin, za ka tarar sun ɗan saki. Wanga ɗaurin na biyu kusan ba wanda ke yi.

Ka leƙa ƙarƙashi kuma. In robobin da ke rataye salansa sun tsinke an ɗaure da waya, ko injin sitin, wato robar da injin ke zaune bisa, ya mutu injin na rawa, nauyin bututun dut bisa manifol yake, kowane rami ka faɗa yana jan shi. Ka sa a duba taimin (lokacin da filogi ke ba da wuta) da kafireta, taimin in ya yi latti manifol har ja yake yi da dare. Da damina kuma kada ka faɗa ruwan da ya kwanta kan hanya da gudu injin na da zafi.

Batun warin nan ne ya fi tada min hankali. Hayaƙin salansa na da iskar nan mai guba irin ta janareta da ke kashe mutane cikin ɗaki, ita kanta ba ta da wari ko launi. Wata shekara da hunturu na ɗauko iyali za mu Birnin Kebbi gilashi rufe saboda ƙura, ba mu kai Tambuwal ba kaina ya riƙa sarawa, ɗiyata ƙarama ta yi lakwas tana amai, Allah ne ya sa na tsaya munka fito iska. Ashe hayaƙin ta ramukan waya da robar giya da ta yage yake shigowa. Don girman Allah kada ka ɗauki hajiya ko yara cikinta sai an gama aikin, in dole ka tuƙa ta zuwa gareji ka sauke gilasai dut. In ka ciro manifol ɗin ɗauko hoton fuskarshi da rula bisa, tocila ta baya, ka turo in duba maka ko na sanfefa ne ko na tanin.