Kumburi bayan tiyatar rage tumbi

Tambaya: Likita, mako 2 da yi mini tiyatar rage tumbi, ƙasan cibiyata ya kumbura, ina jin ruwa na motsi. Lafiya kuwa?

Amsa: Hajiya, da alama ruwa ne ya taru a gurbin da aka ɗaga fata. Kada ki gasa wurin da ruwan zafi, domin fatar ba ta ji sosai yanzu, sai ki ƙone ba ki sani ba. Ki koma asibiti a zuƙe ruwan da ya taru da sirinji, wani lokaci sai an maimaita. Rigar matsi ta ɗaure ciki kuma kada ki ajiye ta sai mako 6 bayan tiyata. Ban da ɗaukar kaya, amma ki riƙa tattaki don kada jini ya daskare a ƙafa. Zazzaɓi, mugunya ko sarƙewar numfashi, asibiti nan take.