Podkas biyu sun saɓa kan tarihin gari ɗaya, wa zan gaskata?

Tambaya: Aiki ya kai ni wani yanki da ban san tarihinsa ba. Lokacin karatu ya yi mini ƙaranci, sai na koma sauraren podkas, wato shirye-shiryen murya da ake ji ta intanet, a hanyar zuwa ofis. To shiri ɗaya ya ce an kafa babban garin yankin shekara 450 da suka wuce, wani kuma ya ce 750. Anya abin dogaro ne?

Amsa: Malam, kada wannan saɓani ya sa ka cire abin sauraro daga kunne. Mai yiwuwa babu wanda ya yi maka ƙarya, lissafi ne kowa ya yi nasa.

Tarihin yanki galibi daga baki yake fitowa, shi kuwa baki ba ya riƙe shekara, sunaye yake riƙewa. Sai mai bincike ya ɗauki jerin sarakuna ya ƙirga. A ce sunaye 30 ne. Wanda ya ba kowane sarki shekara 15 zai samu 450, wanda ya ba shi 25 zai samu 750. Ka ga tazarar shekara 300 daga jeri ɗaya! Shi kansa jerin ba ya rasa gyara. Akan jefar da sunan wanda aka tuɓe ko wanda bai daɗe ba, akan kuma jera mutum biyu da suka yi mulki a zamani ɗaya kamar wani ya gaji wani. Inda ƙane ke gadon wa, sarauta kan yi gajarta fiye da inda ɗa ke gadon uba.

Jan Vansina, masanin tarihi ɗan Beljiyam da ya fitar da littafinsa kan tarihin baka a 1961, ya lura cewa jama'a kan riƙe labarin kakanni na kusa sosai, su riƙe na asalin kafuwa, amma tsakiya sai a tarar da giɓi. Wataƙila a cikin irin wannan giɓin shekarunka 300 suka ɓuya.

Ni abin da ya fi damuna shi ne murya. Kunne na saurin yarda da mai zaƙin baki, ga kiɗa a ƙasa-ƙasa, ga shi ba ya inda-inda. Tun da Apple ya saka podkas a manhajar iTunes a 2005 ƙofa take ta ƙara buɗewa, yau duk mai waya zai iya shirya nasa ba tare da edita ya duba ba. Saboda haka ka kasa kunne ka ji ko mai shirin yana faɗin inda ya samo magana. Wanda ke cewa "wannan daga rahoton wani jami'i ne, amma dattawan garin sun musanta" ya fi mini wanda bai taɓa shakkar komai ba. Ka leƙa bayanin da ke ƙasan shirin, masu aiki da gaske a nan suke jera madogararsu.

Ko hira da dattijo ma sai an tace. Wani lokaci abin da ya karanta a littafin makaranta yana yaro shi yake maimaitawa, a ɗauka gadon kaka ne. Ka kuma lura da waɗanda ba a jin su a shirin: mata, bayi, baƙi, da waɗanda aka ci da yaƙi.

In ka ji suna ko shekara, tsayar da shirin ka rubuta, har da mintin da aka faɗa. Sannan ka aika wa masu shirin nan biyu saƙo ɗaya: sarakuna nawa ne a jerinku, shekara nawa kuka ba kowanne, kuma akwai tono da masu binciken kayan tarihi suka yi a wurin?