Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Rubuta Tarihin Mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina injiniyan ban-ruwa ne, haifaffen Mai Wurno, wanda ya yi fiye da shekara talatin yana aiki a gonakin Jazira, babban shirin noman ban-ruwa na ƙasar Sudan. Allah ya yi masa rasuwa bara a nan Jidda, bayan yaƙi ya raba mu da gidanmu na Wad Madani a ƙarshen 2023, kuma takardunsa da hotunansa duk can muka baro su. Ina son in rubuta tarihinsa saboda jikokinsa, waɗanda a gadon jinya kawai suka san shi, amma na rasa ta inda zan fara.
Wata mai karatu, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kada rashin takardun ya karya miki gwiwa, domin mafi yawan abin da kike nema yana bakin mutanen da suka zauna da shi, sauran kuma yana shimfiɗe a ƙasar da ya yi wa aiki.

Ki fara da garinsu. Mai Wurno ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. A Sinnar ɗin aka kammala madatsar ruwa a 1925, wadda daga gare ta ake shayar da Jazira, kuma Hausawa da Fulani da yawa sun zuba guminsu a gonakin audugarta. Ya kamata jikokin su san cewa daga cikin waɗannan mutane kakansu ya fito, ya yi karatu har aka damƙa masa amanar ruwan.

Sai kuma aikin kansa, wanda a nan nake so ki daɗe, saboda sau da yawa iyali sukan taƙaita shi da cewa "ya yi aikin gwamnati", alhali a cikinsa ne halin mutum yake bayyana. Jazira tare da ƙarin gonakin yankin Manaƙil ta haura fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin fili ne, kusan eka guda), kuma ruwan yana gangarowa ne da kansa daga madatsa zuwa babbar hanyar ruwa, daga nan zuwa tur'a, wato reshen hanyar ruwa, sannan ƙananan magudanan da ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta, kafin ya shiga hawasha, wato gonar manomi. Kowace damina kogin yakan kwaso laka daga tsaunukan Habasha ya jibge ta a hanyoyin, ciyawa kuma ta toshe abin da ya rage, don haka manomin da gonarsa take can ƙarshen tur'a shi ne yake fara ganin dawarsa tana yaushi. Saboda haka ki nemi abokan aikinsa, da masu gadin ƙofofin ruwa, da manoman sashen da ya riƙe, ko da ta WhatsApp ne tunda yaƙi ya warwatsa su, ki yi musu tambayoyi masu kan gado. A wane sashe ya zauna, kuma a waɗanne shekaru? Yaya yake raba ruwa idan ya yi ƙaranci? Me yake yi idan mai hali ya nemi a buɗe masa ƙofa kafin layinsa ya zo? Amsa guda a kan irin wannan ta fi shafi goma na yabo amfani ga yaro.

Game da zamansa na gida, mahaifiyarki ce taskar, idan tana da rai, tare da gwaggonninki da kawunnanki. Ki zauna da ita bayan sallar isha'i, ki kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, ki bar ta ta yi magana ba tare da katsewa ba: yadda aka yi aurensu, gidajen ma'aikata da suka zauna, 'yan'uwan da ya riƙe ya sa a makaranta, da yadda yake dawowa da laka har gwiwa a lokacin shuka. Idan an ambaci zafin ransa ko yawan rashin zamansa a gida, ki rubuta cikin ladabi, domin jikoki sun fi kusantar kakan da suka ji shi mutum ne irinsu. Abin da zai tona asiri ko ya tayar da tsohuwar husuma kuwa, ki rufe shi.

Shawarata ita ce ki rubuta da Hausa yadda tsofaffin suka faɗa, sannan ki sa fassarar Larabci a gefe, tunda yaran da suka tashi a Jidda Larabci suka fi iya karantawa. Idan kuma Allah ya hore muku, ku haɗa hannu ku haƙa rijiya ko ku gyara famfo a Mai Wurno da niyyar ladan ya kai gare shi, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa rijiya domin mahaifiyarsa bayan Manzon Allah (SAW) ya nuna masa falalar sadakar ruwa.