Amsa ga mai tambayar mashin: sabon ƙarami ko babba na hannu?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka tara 'yan kuɗi kana son sayen mashin ɗinka na farko amma hankalinka ya rabu biyu, ko ka ɗauki sabon ƙarami irin su Boxer ko Haojue, ko ka ƙara wani abu ka sayi babban nan na hannu da ake shigowa da su daga waje, don ka samu shiga cikin masu fita yawo ranar Lahadi ba tare da an raina ka ba. Na ga sauran masu ba ka amsa kowa na yabon nashi mashin a taƙaice, to ni bari in ɗan ja da tsawo tunda na daɗe bisa ƙafa biyu cikin garin ga, na hau Jincheng, na hau Kasea lokacin da take tashe a Sakkwato, yanzu Boxer gare ni kuma da ita nike fita tare da masu manyan.

Shawarata guda ce, ka sayi mashin da kowane bakanike ya sani. Ba wanda ya fi kyau in an jingine shi ƙofar gida ba, wanda in ya tsaya maka bayan Bodinga da azahar yaron mai faci ma zai iya kwance shi ya maida. Boxer ko TVS ko roba-roba, abin da ke cikinsu bai da yawa, fulogi guda, kafireta guda, iska ke sanyaya injin, in ya fara shan ƙura shina tari sai a kwance kafireta a wanke da fetur a hura a maida, ka tashi ka ci gaba da tafiyarka. Kayan gyaransu kuma har shagon ƙauye za ka samu. Babban ko, mafi yawansu ruwa ke sanyaya su, ga lagireto ga fanka ga famfon mai cikin tanki ga wayoyi da na'ura mai sarrafa injin, to ka ɗauki wanga ka shiga da shi cunkoson kasuwa cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, fanka na ta kuka zafin injin na gasa maka ƙafa, kai da kanka za ka nemi inuwa. Kuma ran da ka sha man 'yan bumburutu mai datti famfon ya toshe, ba wankewa da hurawa, sai dai a yi waya Kano ko Legas a jira. Akwai abokin fitarmu da nashi ya kwashe damina guda cikin zaure an lulluɓe shi da zane saboda wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, duk fitar da munka yi lokacin goyo anka yi mishi, bisa irin mashin ɗin da yake ma dariya.

Ban ce babba ba shi da daɗi ba hwa, wallahi shina da daɗi, in ka samu kwalta mai kyau ka murɗa kaɗan sai ka ji kamar ana janka da igiya. Amma na mai mashin biyu ne, ko mai mota a gida. Kai da za ka je aiki da shi, ka kai yara makaranta, ka ɗauko buhun gero, ka kai tsohuwa asibiti, ba naka ba ne tukuna. Ga kuma mai, tun 29 ga Mayu 2023 da anka cire tallafi lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa wuce 1,000, tun sannan na ga masu manyan da yawa sun koma fitowa sau ɗaya a wata, mu ko masu 100cc ba mu fasa ba.

To ko ma wane ka zaɓa, maganar da ta fi girma a nan ƙasarmu ita ce takardu, kuma ita ce ba wanda ya taɓo maka. Sakkwato ba kamar wasu wurare ba ce, mashin a nan ya shiga cikin maganar tsaro, 'yan bindiga da shi suke yawo, shi ya sa a 2021 gwamnatin Tambuwal ta kafa dokar da ta taƙaita hawan mashin da dare da goyon mutum uku da sayar da mai cikin jarka a yankunan da abin ya shafa, kuma har yau jami'an da ke shingen hanya ba sa kallon mai mashin kamar yadda suke kallon mai mota. Saboda haka rasit na asali daga dila, lambar inji da lambar jiki su yi daidai da abin da ke rubuce harafi da harafi, ka yi rajista ka ɗaura lamba, ka yi lasisi, na mashin shi ne rukunin A. In kuwa wanda ya shigo ta iyakar Illela da Ƙonni ne to ka nemi takardar kwastan, kar ka yarda da za a kawo maka gobe. In na hannu za ka saya ka sa mai shi na farko ya zo da kanshi, a rubuta yarjejeniya da shaidu, gaban mai unguwa in da hali. Na taɓa raka wani maƙwabcina duba wani mashin, fes da shi kuma kuɗin da sauƙi har ya yi yawa, bakaniken da munka tafi da shi bai ko tada injin ba, tsumma ya jiƙa da fetur ya durƙusa ya goge wuyan mashin inda lambar jiki take, ya shafa da ɗan yatsa ya kama hannuna ya ce in shafa, wurin ya yi ɗan kwari kamar an goga da zarto sannan anka sake buga lambobin, biyu daga ciki ma sun karkace. Dillalin na ta rantse-rantse, mu dai munka yi mishi sallama. Da an saya ran da anka kama ba mai jin cewa saye ka yi.

Kuma in dole sai na hannun, ka je da sassafe injin na sanyi, ka taɓa da hannunka ka tabbatar ba a ɗumama shi ba kafin ka iso, bugu ɗaya ko biyu ya kamata ya tashi. Ka sa a murɗa kai kana bayan salansa, in hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ke fita to shina shan baƙin mai, fistin da ringi na jiranka. Ka dubi ƙusoshin injin, in kawunansu sun cinye an sha buɗe shi kenan komi mai shi zai ce.

Sabo kuma kar ka zalunce shi, kilomita 500 na farko a hankali, ba gudu ba goyon kaya masu nauyi, sannan ka juye baƙin mai, za ka ga 'yan ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, haka ya kamata. Daga nan ka riƙa juyewa kan lokaci kuma ka sayi na gwangwani a rufe, ka bar na awo da ake zubawa daga jarka, zafin garin ga ba ya raga ma mai mara kyau. Abin da ke kashe mashin a Sakkwato ƙura ce ba tafiya ba. Da hunturu ka buɗe soson iska duk mako ka gani da idonka, ja wur za ka same shi, ka wanke ka shanya ka ɗan shafa mai ka maida. Sarƙa kuma kar ka yi ta zuba mata mai bisa yashi, mai da yashi in sun haɗu su ke cin haƙoran faranti, a wanke da kananzir tukuna. Kar ka cire murfin sarƙa don gayu kamar yadda yara ke yi.

Yanzu maganar fita da 'yan'uwa, wadda na lura ita ce ta fi damunka. Ƙanena ba mai raina ka saboda ƙaramin mashin, in ma an yi maka ba'a ta shayi ce kuma kowa ana yi mishi. Abin da ke sa a daina kiran mutum shi ne tuƙin banza da rashin cika lokaci. Mu bayan sallar asuba muke haɗuwa wurin mai shayi, kowa ya zo da cikakken tanki, a duba iskar taya da birki, a faɗi inda za a tsaya, kafin rana ta yi zafi mun ci rabin hanya. Mai jan gaba wanda ya san hanya ne ba wanda ya fi gudu ba, ƙananan mashina ke bin shi, manyan na baya, na ƙarshe kuma shi ke ɗauke da sifana da famfo da tub da fulogi kuma ba ya wuce kowa komi ya faru. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira, ba a wuce tirela sai an ga gaba sarai, kuma kowa ya wuce da idonshi, don na gabanka ya wuce ba shi ke nuna kai ma za ka samu ba, nan ne mafi yawan haɗarin tafiyar ayari ke faruwa. Hanyar Bodinga zuwa Shagari da Tambuwal manyan motoci sun yi yawa, iskar tirela kaɗai na iya ture ƙaramin mashin, ga yashin da ke kwanciya gefen kwalta wanda in ka taka birkin gaba bisanshi sai ƙasa, ga jakai da raƙuma da awaki musamman ranar kasuwa, akuya dai ba ta da alƙawari.

Tafiyar da na fi so ita ce Argungu, kusan kilomita 100, daidai ƙarfin ƙaramin mashin, a je a ga gidan tarihin Kanta a sauka bakin kogin Matan Fada a ci kifi a yi azahar a juyo. In kun je za a ba ku labarin cewa bikin kamun kifin nan ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma Kabawa ba za su bar ku ku tafi ba sai sun tsokane ku, ku shirya amsa. Gabas ko, wajen Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni, da muna zuwa har madatsar ruwan Goronyo, yanzu mun bari, ayarin mashina a wannan yankin ko jami'an tsaro sun hango ku daga nesa ba su san ku wa ne ba, balle 'yan bindiga. Duk inda za mu sai mun kira wani ɗan garin da daddare mun ji lafiyar hanya, kuma la'asar ta same mu kusa da gida. In kun iso shinge a rage gudu tun daga nesa, a ɗaga gilashin hula, mutum guda ya yi magana.

Hular kwano kuma ka sa kuɗinta cikin lissafin sayen mashin tun yanzu. Na san za a ce zafi, gaskiya ne da zafi. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a Janairun 2009 har ƙwarya wasu 'yan kabu-kabu da 'yan acaɓa sunka riƙa kifawa a kai, anka yi ta dariya, daga baya kowa ya watsar. Amma a cikinmu ba hula ba fita, da takalmi rufaffe, kuma babbar riga ko rawani mai jela ba su shiga tafiya don sarƙa na kama su. Masu wasan mashin wurin rakiyar ango, ɗaga kai da kwanciya bisa tanki da cire bututun salansa don ƙara, waɗannan wasu mutane ne daban, in su kake nufi da masu fita to ba ni da shawara a kai, mu dai ba mu ɗaukar su.

Abin da ba a gani daga waje shi ne fitar ita ce ƙaramin abu a ciki. Muna da ɗan asusu da kowa ke sa abin da ya samu duk wata, wanda ya faɗi a duba shi, wanda anka yi ma haihuwa ko rasuwa a je gaba ɗaya, da azumi a yi buɗa-baki gidan wani, kuma ta nan za ka san bakaniken kirki da dilan da ba ya sayar da jabun kaya, wanda da kanka sai ka yi asara kafin ka gano su.

Farashi ban faɗa maka ba da gangan don kullum canzawa yake da dala, ka zagaya dila uku ko huɗu da ƙafarka ka ji, kuma ka rage wani abu na rajista da hula da makulli mai ƙarfi, don satar mashin ƙofar masallaci da bakin kasuwa ba ta ƙare ba, makullin kai kaɗai ba ya hana komi. In ka saya ka gama kilomita 500 ɗin nan cikin gari tukuna hannunka ya faɗa, sannan ka yi magana nan a faɗa maka Lahadin da za a fita.