Shin ba mata dama daidai da maza na haɓaka arzikin ƙasa?

Ka tambaya ko da gaske daidaita dama tsakanin maza da mata na haɓaka tattalin arziki, ko kuwa zance ne kawai. Da gaske ne, ɗan'uwa, kuma a gona abin ya fi fitowa fili.

Dubi manomiyar da gonarta ke maƙwabtaka da ta namiji. Ƙasa ɗaya, damina ɗaya, amma ba ta da takardar mallakar fili, don haka banki ba ya ba ta rance, takin ma sai lokaci ya ƙure take samu. In kaka ta yi, buhunanta ba sa kai nasa. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa da mata manoma na samun kayan aiki kamar maza, da amfanin gonarsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wannan asarar na ci mini rai, domin kowa take shafa, har mazan.

Game da matsalar rancen kuwa, Bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa a Bangladesh a 1983, akasarin masu karɓar ƙananan rancensa mata ne. Sai dai rance kaɗai bai wadatar da macen da ba ta iya karanta takardar da take sa wa hannu ba.